Agwagi Biyu da Fangalin Tattasai

A shekarar da fari ya maimaita mana, abin da ya rage nawa na kaina a duniya agwagi biyu ne, toro da mace. Awakina sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kwanukan jerena suka bi su, har da tasar da uwata ta ba ni ranar da aka kawo ni gidan. Agwagin sun tsira ne kawai don ba mai lissafa agwagwa cikin dukiya. Ni kaina ba wani son su nake ba. Ƙazamai ne, ga rashin kunya. Toron nan in ka kore shi sai ya ɗan ja da baya, ya tsaya yana huci yana kallonka, kai ka ce shi ya gina gidan ya ba mu aro.

Mu biyar ne a gidan: ni da mijina, da 'ya'yanmu mata biyu, babbar ta fara wayo, ƙaramar ban daɗe da yaye ta ba, sai mahaifin mijina. Gari na kiransa Malam, ni Baba nake ce masa. Ya tsufa, idonsa ya tafi saura inuwa-inuwa, karatu ma ya daina bayarwa sai ga wasu dattawa da ke zuwa zaure bayan la'asar. Ƙauyenmu yana kusa da Ɗambatta, irin wurin nan da gona ke jingine da gona, gida na hango gida. Ba mu da dajin da mutum zai shiga ya tono wani abu ya rufa wa kansa asiri. Duk ganyen da ake ci, kafin ka isa wani ya riga ka.

Maza suka fara tafiya. Cin rani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ana tafiya bayan girbi a dawo da hadarin farko, da ɗan turmin atamfa da sabulu. Amma wannan tafiyar daban ce. Ba girbin da aka yi, ba kuma wanda ya san ko hadarin zai zo. Mutum zai hau motar Kano, daga can a ce ya gangara Kurmi, daga nan sai shiru. Maƙwabciyata da muke hira ta kan katanga, nata mijin ya tafi tun farin farko, ko saƙon gaisuwa ba ta samu ba. Abin da nake tsoro ke nan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Yunwa na san ta, na iya zama da ita. Amma a bar ni da tsoho marar ido da yara biyu, ina sauraron ƙarar kowace mota, wannan na san zai iya haukata ni.

Mijina ba ya son tafiya, wannan zan shaide shi. Mutum ne da ko kasuwa ya je yana Allah-Allah ya dawo gida. Sai ga wata 'yar dama ta samu. Akwai wani Alhaji mai fadama can gangaren rafi, wuri ɗaya tak da in an haƙa ake samun ruwa kusa, har ana ja da jigo. Ya ce zai ba da yankuna a yi noman rani a raba amfanin. Masu nema sun fi yankunan yawa, don haka ya gindaya sharaɗi: ba zai ba wanda zai zo ya yi renon iri a kan ruwansa ba. Wanda ya zo da dashensa a hannu, ya isa a sa a ƙasa, shi zai samu. Mijina ya dawo ya zauna a bakin ɗakina, ya ce, "In na samu fadamar nan, ba inda za ni." Ban bari ya kai ga roƙo ba. Akuyata ta ƙarshe ita ta zama irin tattasai, ɗan ƙulli a tsumma wanda bai cika tafin hannu ba.

Ya haƙa fangali a tsakar gida, jikin katangar yamma inda inuwa ke saurin sauka. Faɗinsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. Ya zuba takin awakin da suka tafi, ya yafa irin layi-layi. Saura ruwa. Rijiyar gari ta yi ƙasa sosai, yakan tafi tun asuba ya bi layi, ya dawo da hantsi da abin da Allah ya ba shi, rabinsa laka. A gidanmu ba a sallamar ruwa sai ya yi aiki ya sake yi. In wanke tsaba, in wanke kwano da shi, sannan a tace a kai fangali. Baba da kansa ya ce a daina kai masa buta bakin zaure. Babbar 'yata ce take jan sandarsa har bakin fangalin, ya tsuguna ya yi alwalarsa a kan shukar, yana karkata hannu don kowane layi ya samu. Mu ma muka bi sahu. Kowace salla tattasan nan sai ya sha ruwan alwala, har nake tsokanar mijina cewa in ya nuna sai an naɗa masa rawani.

Iri ya tsiro, 'yan kunnuwa bibbiyu, kore shar. Amma rana tana shanye ruwan kafin azahar, ƙasar ta bushe ta tsattsage. A shekarun arziki ciyawa ake shimfiɗawa tsakanin layuka ta riƙe danshi. To ina ciyawar? Ciyawa ta zama haja, ana ɗaure ta dami-dami ana kaiwa kasuwa, wasu har jinkar ɗakinsu suka sauke suka ba shanu. Karan dawa kuwa mun dafa abinci da shi tuntuni.

Sai mijina ya tuna da kududdufin bayan gari. Da ya ƙafe, masu saran itace suka mai da bakinsa wurin aikinsu. Nan suke jawo gawo da marke da duk abin da suka kayar, su faskara, motoci su kwashe zuwa birni. Ɓawon da ya zube, na sama an tsince don wuta, amma na ƙasa ya nutse cikin laka tun lokacin da akwai sauran danshi, lakar ta bushe a kansa. Ya je da fartanya ya ɓamɓaro shi, ya cika buhu. Da ya juye a tsakar gida na ga 'yan katantanwa manne a jikinsa, wasu kamar ƙwayar gyaɗa, wasu sun kai kan babban yatsa, bakin kowace a liƙe da wani farin abu kamar busasshen koko. Yara suka tsinci na tsinta suna wasa. Kududdufin da kifinsa da kwaɗinsa duk suka mutu, wa zai zaci akwai mai rai a cikin kwanso?

Ya kakkarya ɓawon, ya jera tsakanin layuka, ya danne da tafin hannu. Ya ce, "Kada wanda ya ɗaga min ko ɗaya. In aka ɗaga, danshin ya gudu." Dabarar kuwa ta yi. In ka sa yatsa a gefe da la'asar sai ka ji sanyi. Tattasai ya ƙara ganye, ya fara miƙewa. Na sha kama mijina yana tsaye a kansa yana murmushi shi kaɗai. A duk ƙauyen nan ba na jin akwai wani wuri mai laima dare da rana in ba wannan ɗan fangalin ba.

Asarar ta fara kaɗan-kaɗan. Za mu tashi mu tarar da 'yan tsirrai a kwance, an yanke su daga gindi, wasu an huhhuda ganyensu. A kan ɓawon kuma akwai wasu siraran layuka masu ƙyalli. Na gan su sarai. Na ce yauƙin miyar kuka ne daga ruwan wanke-wanke, tunda kullum ita muke sha, har na fara ƙara tace ruwan. Da dare kuwa ba mai ganin komai. Kananzir ya daɗe da ƙare mana, ana idar da isha'i kowa ke neman shimfiɗarsa.

Abin da ido ke gani da rana shi ne agwagina. Ana buɗe musu akurki da safe ba sa kallon kowa, sai fangali. Su cusa baki ƙarƙashin ɓawo suna ta caccaka, suna ɗaga wuya suna haɗiya. Wata safiya mijina ya dawo daga rijiya ya tarar da toron tsaye tsakiyar shukar, ga tsirrai kwance a gefensa. Ya sauke tulun, ya cire takalmi ya jefe shi.

"Ga ɓarawon nan! Da ma na faɗa a raina."

Na fito daga madafa da muciya a hannu. Na ce, "Maigida, agwagwa ce za ta yanke tsiro ta ajiye shi a kwance? Ai in ci take, haɗiyewa za ta yi."

"To wa ya ci? Ni ne, ko Baba?"

"Ban sani ba. Amma ba su ba ne."

"Kin gan shi da idonki kina cewa ba shi ba ne?"

Gaskiya ba ni da wata hujja. Ina kare su ne don nawa ne, don na gaji da duk abin da za a fitar daga gidan nan ya zama nawa.

Aka ɗaure agwagin da igiya a ƙafa, jikin turken awakin da ba kowa a kansa. Suna ɗaure suna ta fizga suna kallon fangalin. A 'yan kwanakin nan ɓarnar ta ninka. Da a ƙoshe muke da wani ya tsaya ya yi tunani a nan, amma ba a ƙoshe muke ba. Mijina ya ce ni nake kwance su in ya tafi rijiya. Na rantse, ya ƙi yarda. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya masa ba, har da cewa da akuyata aka sayi irin, don haka ko agwagina sun cinye, nawa suka ci.

Ranar kasuwar Ɗambatta ya ɗaure su ƙafa da fiffike, ya sa a kwando. Ban fito ba. Ina daga ɗaki ina jin hucin toron har suka wuce zaure. Da yamma ya dawo da garin rogo a ɗan buhu, ya ajiye a ƙofar ɗakina. Na ce wa kaina ko mutuwa zan yi ba zan ci ba. Na tuƙa wa yara da Baba, na zauna ina kallon su. Daga baya na kankare ƙanzon tukunyar na ci, ina kuka don haushin kaina.

Daga ranar fangalin ya fara tafiya da gaske. Layi guda ake sharewa kafin gari ya waye. Muka ce gara ce, muka barbaɗa toka a kan ɓawon. Muka ce gyare ne, muka ce ɓera ne, mijina ya toshe duk ramin da ke jikin katanga. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce baki ne, mutane sun ji labarin shukar. Baba ya sa aka kawo masa allo, ya lalubi rubutu da idon da ba shi da shi, aka wanke aka yayyafa. Mijina ya ƙara ban ruwa, yana ganin ko ƙishi ne ke kayar da su, har ya rage na shanmu. Ya daina cin abinci sosai, ya daina magana. Yakan tsuguna ya ƙirga abin da ya rage, ya tashi, ya dawo ya sake ƙirgawa, ko za su ƙaru. Ni kuma in na kalli bayansa sai in ga mutumin da ya riga ya hau mota.

Safiyar da na ɗaga ɓawon, ba wayo ne ya sa ni ba, fushi ne. Mijina ya tafi rijiya. Na duba fangalin, abin da ke tsaye bai kai a cika hannu ɗaya ba, su ma duk a rarake. Ga shi ba ni da itacen da zan dama wa ƙaramar ɗan kunu. Na ce wa ɓawon, to tunda ba abin da ya rage ka rufe, zo ka yi mana wuta. Na fizgo wani babba daga tsakiya.

Ƙarƙashinsa cike yake maƙil da dodon koɗi. Sun manne jiki da jiki, manya da ƙanana, suna motsi a hankali, suna miƙo 'yan ƙahonninsu. Akwai wasu ma ba kwanso, tsirara, sai sulɓi. A cikin ƙasar kuma ga ƙwai fari-fari, tsibi-tsibi, kamar an zubar da jiƙaƙƙen gero. Na ɗaga wani ɓawon, haka. Na ɗaga wani, haka. Katantanwar nan da muka ɗauka matattu ne, ashe barci suke, sun liƙe ƙofarsu suna jiran ruwa. Mu muka ɗauko su a buhu, muka yi musu rumfa, muka shayar da su ruwan alwala, muka shuka musu abinci a bakin ƙofa. Sannan muka kama masu cinye su muka kai kasuwa.

Na zauna a ƙasa. Ihun da na yi ne ya fito da Baba yana lalube. Na miƙa masa ɓawon, na gaya masa abin da ke jiki. Ya shafa da yatsunsa, ya daɗe yana shafawa, sannan ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Haka mijina ya shigo ya same mu. Ya sauke tulun a hankali. Ya tsuguna, ya ɗaga ɓawo ɗaya, ya mayar, ya ɗaga wani. Ya ce, murya can ƙasa, "Su suke tonowa. Agwagin. Su suke ci."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Gadi suke yi maka kyauta, ka ɗaure su, ka sayar da su a kan garin rogo."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ya cire 'yan tsirran da suka rage, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya tafi fadama wurin Alhaji. Kafin azahar ya dawo da tsumman a hannu. Alhaji bai wulaƙanta shi ba, ya ce ya yi haƙuri, wannan ba dashe ba ne, ga mutane tsaye da nasu cike da kwanduna. Mijina ya zauna a zaure wurin mahaifinsa, ina jin su daga bayan ƙofa. Ya ce akwai motar da za ta gangara gobe. Baba ya ce, "Allah ya tsare."

Na koma fangalin da kwatanniya. Niyyata in kwashe dodon koɗin in zuba musu tafasasshen ruwa in watsar a bola, ko zuciyata ta yi sanyi. Na tsince su har kwatanniyar ta kusa cika. Ina tsaye a kanta sai na ji sandar Baba a bayana.

"'Yar nan, me za ki yi da su?"

"Zubarwa, Baba."

Tsakanina da shi akwai kunya, bai taɓa tambayata abin da ke cikin tukunyata ba. Ya ce, "Me za a ci yau?"

Na ce, "Sauran garin rogo ne, da ruwan kuka."

"A littattafanmu na fiƙihu," in ji shi, yana fuskantar katanga, "hukuncin wannan abu hukuncin fara ne. A yi niyya, a yi bismillah, a jefa a ruwan zafi. Halal ne. Ban taɓa faɗa wa kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya." Ya juya zai tafi, ya ƙara da cewa, "Ba sai kowa ya ji ba."

Ba sai kowa ya ji ba kuwa. A wurinmu ba a cin dodon koɗi, babba ko taɓa shi ba ya yi. Abincin mutanen Kurmi ne, abin da ake ba da labarinsa ana tofar da yawu. Da an ji, da 'ya'yana sun sami sunan da zai bi su har ɗakin aurensu. Na tura yaran gidan maƙwabciyata. Tsiraran nan marasa kwanso ban iya ba, na ware su na zubar. Sauran na yi bismillah, na juye a tukunya, na kawar da kai. Na zaro su da ƙayar aduwa ɗaya bayan ɗaya, na cuɗe da toka, na wanke da ruwan tsamiya har yauƙin ya ragu. Na zagaya bayan ɗaki na yi amai, na dawo na ci gaba. Na yanka su mitsi-mitsi, na sa ɗan guntun daddawa da barkono, na kaɗa kuka a kai. Miyar kuka da ma yauƙi gare ta, ba mai ganewa da ido.

Bayan magariba suka zauna cin abinci a tsakar gida, kowa da kwanonsa, ina kallo daga bakin madafa. Mijina ya kai loma, ya tauna, ya tsaya. Ya dubi miyar, ya dubi wajen fangalin, ya dubi mahaifinsa. Baba, wanda ba ya gani, ya ce, "Na ji ka yi bismillah. Ci abincinka." Ya ci. Ya cinye tas, ya suɗe kwanon. Yara suna ta murna, wai yau akwai nama.

Da safe mijina ya zuba kayansa a buhun da ya ɗebo ɓawon da shi, ya tsaya a ƙofar ɗakina. Na jira ya ce wani abu game da agwagin. Ya ce, "Ki kula da Baba." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ya fita.

Ɓawon da na ce zan ƙona ban ƙona ba. Na mayar da shi yadda ya jera shi, a kan fararen ƙwan nan. Da azahar 'yata ta ja sandar Baba, bai tambayi komai ba, ya nufi bakin fangalin ya tsuguna ya yi alwala a kan ɓawon da ba shuka ko ɗaya a tsakaninsa. Haka muka ci gaba. Ni nake zuwa rijiya yanzu, kulle ya ƙare da tafiyar maza. Ina zuba wa dodon koɗin ganyen tafasar da ya yi tauri da ruwan wanke-wanke, in ɗebi manya in bar ƙanana. Ba ƙoshi ba ne, kada wani ya ɗauka ƙoshi ne. Amma ƙaramar da ƙafafunta suka fara kumbura, kumburin ya tsaya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta gan ni ina ban ruwa a fangalin da ba komai, ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa? Me kike shayarwa?" Na ce danshi nake ajiyewa kafin maigida ya aiko da iri. Ta dube ni da tausayi. Daga baya na ji tana cewa tafiyar miji ta taɓa min hankali. Na gwammace a ce haka.

Rani ya yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, ba saƙo. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai in saki abin da nake yi in kasa kunne. Baba ma na lura in ya ji ƙarar sai carbinsa ya tsaya. Ba mu taɓa yin maganar da juna ba.

Wata la'asar, lokacin da aka fara sharar gonaki, aka yi sallama. Wani mutumin ƙauyen gaba ne da suka tafi tare da mijina, ya dawo ya gwada shuka. Baba ya sa ya shigo har tsakar gida. Yana riƙe da kwando an ɗaure bakinsa da tsumma. Tun kafin ya ajiye na ji hucin.

"Ya ce a ba ki hannu da hannu," in ji mutumin. "Tun daga can nake fama da su a mota. Ya ce ki sake su a fangali, kin san aikinsu. Ga wannan kuma." Ya miƙo ɗan ƙulli, na shinshina na ji irin tattasai ne.

Na ce, "Yana lafiya?"

"Lafiya lau. Dako yake yi a kasuwa."

"Ya ce yaushe zai zo?"

Mutumin ya dubi ƙasa, ya gyara hularsa. "Bai faɗa ba."

Baba ya sake tambaya, da wata irin murya da ban san yana da ita ba, aka ba shi amsa iri ɗaya. Mijina bai zo a wannan daminar ba, bai zo a ta bayanta ba. Baba ya rasu yana sauraron motoci tare da ni. Har yau ban san inda kabarin mijina yake ba. Agwagin nan su ne abu na ƙarshe da ya fito daga hannunsa zuwa nawa, kuma na san abin da yake nufi da su, haƙurin nan ne da ya kasa ba ni a ƙofar ɗaki.

Amma a ranar ban san abin da ke gaba ba. Mutumin ya kwance tsumman, wasu agwagi, toro da mace, suka fito suna miƙe ƙafa, ramammu, fuka-fukai a yamutse. Suka yi 'yan dube-dube, sai macen ta miƙa wuya ta nufi katangar yamma, toron ya bi ta. Suka cusa baki ƙarƙashin ɓawon. Na ji ƙarar kwanso yana fashewa.

Ban san lokacin da na ɗauki sanda ba. Na isa bakin fangalin na ɗaga hannu, daidai inda ya tsaya ranar da ya jefi wancan toron da takalmi. Abincin gobe da na jibi suke haɗiyewa a gabana. Babbar 'yata, wadda nake turawa maƙwabta duk ranar da zan dafa, wadda na ɗauka ba ta san komai ba, ta kama zanina ta ce a hankali, don kada baƙon ya ji, "Inna, miyarmu suke ci."

Na ce, "Na gani."

"Ki kore su mana."

Na tsaya da sandar a sama, hawaye na zuba, baƙon na kallona, har suka ƙoshi.